Inuwar Ƙarfe da Shirun Baffa

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Baffa, wan mahaifina, a ɗakinsa da ke jikin zauren gidanmu a nan Birnin Gwari. Na Allah muke, kuma Baffa ya riga mu komawa gare shi. Kafin azahar tsakar gida ta cika da mata. Ni kuwa ina rakuɓe a bakin ƙofar Mama, matarsa, ina jin ana yabon mutane daban-daban da sunan mutum ɗaya.

Wata tsohuwa da ta zo daga Kazage ta ce, "Allah ya jiƙan likita. Shi ya duba min wannan gwiwar."

Gwaggo, wadda take tsakanin Baffa da Baba a haihuwa, ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Iya, ba likita ba ne. Da yana da rai kika faɗi haka, da kin sha wa'azi."

"To mene ne shi?"

"Injin asibiti yake gyarawa."

Mama ta ɗago kai a karo na farko tun safe. "Bai taɓa gyara inji ba. Lissafi yake yi."

"Lissafi a asibiti? Ashe malamin makaranta ne."

"Lissafin haske," in ji Mama, ta mayar da kanta ƙasa.

Tsohuwar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To, ko ma mene ne, gwiwar dai ta yi sauƙi." Har Gwaggo sai da ta yi dariya cikin kuka.

Da aka shimfiɗa shi a ƙofar gida za a yi masa salla, muna jiyo liman ta bayan katanga. Ya ce, jama'a, ga ɗan'uwanku zai tafi inda ba ya iya neman afuwar kowa, duk wanda ya taɓa saɓa wa ya yafe masa. Muryoyin maza suka tashi gaba ɗaya, mun yafe, Allah ya yafe mana. Muryar Baba ba ta ɓacewa a taro, mutum ne da ya shekara arba'in yana magana a kan ƙarar masaba a maƙera. Na kasa kunne. Ban ji ta ba. Gwaggo ta damƙe hannuna har ya yi zafi, na san ita ma ba ta ji ba.

Ina rubuta wannan don kada a manta da Baffa. Amma kuma ni kaina ban gama gane shi ba, kuma ba na son abin da zai rage daga gare shi a gidanmu ya zama shirun ƙanensa a bakin gawarsa.

Gidanmu gidan maƙera ne. Baffa aka sa a makarantar boko, Baba kuwa da yake shi ne auta ya zauna gindin zuga-zugi har ya gaji maƙerar. Amma ƙira ba ta bar Baffa ba. Duk abin da ya shiga hannunsa sai ya ƙwanƙwasa shi da farce ya kai kunne: kofin shayi, marfin tukunya, ƙofar motar haya. Sai ya ce, "Da me aka yi shi?" Gwaggo tana rantsuwa cewa ranar da aka kai Mama ɗakinta, kafin ya dubi amarya sai da ya bi kwanukan jerenta da farce. Ni kuma Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa min. In na yi laifi ma ba ya iya ɗaga min murya, sai ya ce, "Uwata, wannan ba halinki ba ne tun kina haihuwarmu."

A wani babban asibiti na birni ya yi aikinsa, a sashen da ake yi wa masu ciwon daji gashi. Lokacin da nake jami'a a gidansa nake yin gajeren hutu, saboda hanyar gida ba kullum take biyuwa ba. Wata rana da rana tsaka na ce masa, "Baffa, a gida kowa da abin da yake cewa kana yi." Ya yi murmushi, ya kai ni ɗakin ajiya, ya rufe taga, ya ce in kawo tocila da cokali da farin kwanon roba cike da ruwa.

Ya ce gashi iri biyu ne. Akwai na waje, inji yana daga nesa. Akwai na ciki, wanda ake kai wata ƙwaya mai fitar da haske har gindin ciwon. Hasken ba a ganinsa, amma yana ƙona ciwo, kuma yana ƙona lafiyayyen nama in ya yi yawa. Ƙwayar ba ta wuce ta shinkafa ba, kuma ba a sa ta tsirara. Bututu likita yake fara sawa a jiki, ita kuma ta bi ta cikinsa a kan siririyar waya, ta tsaya 'yan mintoci, ta koma gidanta. Aikin Baffa shi ne ya lissafa inda za ta tsaya da daɗewar da za ta yi, don ciwo ya samu rabonsa cif, maƙwabtansa kuma su tsira.

Ya haska tocilar ta cikin ruwan, hasken ya faɗi a bango yana rawa. Ya ce, "Kwamfutarmu tana da wauta guda. A wurinta duk duniya ruwa ce. Tsoka ruwa, ƙashi ruwa, bututun ma ruwa. In na roba ne, ƙaryar ba ta da yawa, don roba ta yi kusa da ruwa a wurin wannan hasken." Sai ya tsoma cokalin. Wata baƙar inuwa ta yanke hasken bangon. "Ƙarfe kuwa sai ya sha nasa kafin ya bar saura ya wuce. Ita tana can tana rubuta cewa komai ya isa."

Na ce, "To a daina amfani da ƙarfe mana."

Ya zare ido kamar na zagi kakanmu. "A'a! Ƙarfe siriri ne, ba ya lanƙwasa, yana daɗewa. Wani ma da gangan ake sa masa garkuwa a ciki don inuwarsa ta kare mafitsara da hanji. Ƙarfe ba shi da laifi, Uwata. Mai laifi shi ne wanda ya manta yana wurin."

Na fita daga ɗakin ina tunanin kwamfutar da take ganin duniya ruwa. Har na yi 'yar waƙa a kanta a bayan littafina. Ban san lissafin nan zai shigo gidanmu ba.

Bayan shekara biyu Inna, mahaifiyata, ta kwanta. Ciwon daji ne na bakin mahaifa. Ko a takarda hannuna yana nauyi wajen rubuta shi. Muka bi ayarin motoci muka ratsa dajin, kowa bakinsa da addu'a, muka kai ta asibitin da Baffa yake. Aka yi makonni ana gashin waje, sannan aka sa ranar na ciki. Ana jibi ranar, ina tare da Baba ya hango wata ma'aikaciya ta wuce da kayan aikin a kan faranti, suna ƙyalli. Ya dawo yana ba Inna labari da murna irin ta maƙeri. Ya ce, "Na ga ƙarfen. Ko tabo babu. Wanda ya ƙera wannan ya san hannunsa."

Da ranar ta zo aka ce an ɗaga. Likita ya yi wa Baba bayani a tsaye, rabi da Turanci, cewa wani kayan aikin ya fi dacewa. Ba a jima ba Baba ya ji a bakin masu jinya cewa mai lissafi ne ya ƙi sa hannu. A gindin darbejiyar da ke bayan sashen suka haɗu, ina riƙe da kwanon abincin Inna.

Baba ya ce, "Yaya, wannan ƙarfen ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau."

"Jiya an yi wa matan wasu aiki da shi?"

"An yi."

"To tawa ce ba ta kai ba?"

Baffa ya dubi takalminsa. "Auta, ka yi haƙuri. Za a kawo wani."

Kwana takwas muka yi muna jira. Da wanin ya iso, na roba ne, fari, ba ƙyalli. Baba ya sake tare shi a wuri guda, wannan karon muryarsa har masu gadi sun jiyo.

"Roba, Yaya? Mu da muka gaji ƙarfe kaka da kakanni, matata za a yi wa aiki da abin da ake yin bokiti? Kwana takwas ciwo yana cin ta don a jira bokiti? Ka faɗa min dalili ɗaya. Ɗaya tak, in kama bakina."

Na zuba wa Baffa ido. Na san yana da dalili, na ga cokali a cikin ruwa da idona. Ya ce, "Ba zan iya ba."

Inna ta dawo gida ta yi shekara da 'yan watanni tana girkinta, tana zuwa biki. Sannan ciwon ya dawo, ta rasu da damina. Daga ranar Baba bai ƙara yi wa Baffa magana ba, in ban da sallama. Da Baffa ya yi ritaya ya dawo gida, sai ga su a zaure ɗaya, kowa da kwanonsa, su da tun suna yara hannunsu bai taɓa rabuwa a akushi ba. Baffa ya koma noma a gonar gado ta Kazage. Duk dawowarsa sai ya sauke buhun gawayin ƙirya a bakin maƙera ya wuce. Baba ya hura wutarsa da shi, ba godiya, ba mayarwa. Haka suka yi har zuwa gonar ya gagara saboda halin da dajin ya shiga, Baffa ya koma zama a kan buzunsa yana sauraron rediyo.

Sau ɗaya na yi ƙarfin halin tambayarsa. Na ce, "Baffa, robar ce daidai, ko?"

Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce, "Robar daidai ce. Kwana takwas ɗin ne ban gama lissafa su ba. Shi ma jinkiri yana shan nasa, Uwata, kamar ƙarfe. Ciwo ba ya zama ya jira mutum."

"To me ya sa ba ka gaya wa Baba ba?"

Ya ce, "Tashi ki duba ko an sauke tuwo."

Na yi fushi da shi a ranar. Na ɗauka girman kai ne na 'yan boko, ko tsoro. Da wannan fushin a raina ya rasu, duk da dai ni bakina ya ce na yafe.

Ranar sadakar uku wata dattijuwa ta yi sallama, ta yafa gyale a kan hular saƙarta. Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, ta yi aikin jinya tare da Baffa shekaru masu yawa. Sista kowa yake ce mata. Na gane ta, ita ce mai farantin nan. Bayan ta gaisa da Mama ta ja ni bayan rumbu.

Ta ce, "Ke ce Uwata? Kullum sunanki a bakinsa. Babanki ya huce?"

Na girgiza kai.

Ta yi tsaki mai sanyi. "Wannan mutum da taurin kai. Na ce masa zai mutu da maganar nan, ga shi ya mutu da ita."

Ta ce bututun ƙarfen da suke da shi mai garkuwa ne. Ga yawancin mata garkuwar alheri ce. Amma ciwon Inna ya karkata gefe, ya kwanta daidai inda inuwar garkuwar za ta faɗi. A takarda lissafi zai nuna komai ya cika, a jiki kuwa wannan gefen ba zai samu rabonsa ba. Nasu na roba ya tsage, sai da aka aro daga wani asibiti. Ta ce likita da Baffa sun daɗe a ofis suna musu, wannan yana cewa jinkiri haɗari ne, wancan yana cewa inuwa haɗari ce, kuma ba maƙaryaci a cikinsu. A ƙarshe likita ya yarda a jira.

Na ce, "Sista, wannan ai magana ce da za a faɗa a minti biyu."

Ta dube ni kamar ba 'yar garin ba. "Ta yaya ya san inda ciwon ya kwanta? Ke kin ɗauka lissafin a iska ake yinsa? Hoton cikin jikinta ya duba, yanki-yanki. Shi kaɗai ne mai lissafi a sashen, ba wanda zai ba. Ranar da ya ga sunanta a kan fayil tashi ya yi ya fita. Da ya dawo ya ce min, Sista, a wurinmu matar ƙane ko ido ba ma haɗawa da ita. Shekara ashirin da biyar in ta ji tafiyata sai ta kauce. Ya zauna ya yi aikin."

Ta gyara gyalenta. "Na ce ya gaya wa ƙanensa. Ya ce da wane baki zai zauna ya kwatanta wa ƙanensa cikin jikin matarsa? Na ce to bari ni in faɗa. Ya ce in na faɗa za a san ya gani. In ita ta ji, da wace fuska za ta ƙara zama gida ɗaya da shi, tana fama da ciwo kuma tana fama da kunya? Ya ce gara a bar su suna cewa inji yake gyarawa."

Bayan ta tafi na zauna a bayan rumbun har la'asar. Kaina ya ɗaure fiye da da. In na faɗa, na tona abin da Baffa ya sayi rufinsa da zumuncinsa. In na yi shiru, Baba zai je kabarinsa da wannan ƙullin. Kuma ni 'ya ce. Yaya 'ya za ta tsaya gaban ubanta ta yi maganar jikin uwarta? Na samu Gwaggo, ta toshe kunnuwa ta ce, "Ni? Rufa min asiri, 'yar nan. Bakina ba zai ɗauka ba." Na samu Mama a ɗakin takabarta, ta ce ta sani tun ranar, ya hana ta, kuma ba za ta saɓa masa yana ƙasa ba. Ta ce, "Amma ke bai hana ki ba. Tuwo kawai ya aike ki dubawa."

Ana gobe sadakar bakwai, da safe, na tafi maƙera. Tun ina ƙarama rabona da shiga. Baba yana shi kaɗai, ya riƙe bakin fartanya da awartaki, ya yi ja. Na durƙusa na gaishe shi, ban tashi ba.

Ya ce, "Lafiya?"

Na kafa idona a kan toka na fara. Na yi maganar garkuwa da inuwa, wannan bai yi wuya ba, maƙeri ne, kafin in ƙarasa ya gane. Da na zo kan hoton sai na ƙara sunkuyar da kai. Ban san da waɗanne kalmomi na faɗa ba. Na dai ji masaba ta daina sauka.

Ya ce, "Ya gani?"

"Ya gani, Baba."

"Ita ta sani?"

"Ba ta sani ba."

Ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi." Ya ajiye awartakin, ƙarfen yana ta duhu a gabanmu. Can ya ce, "To da an yi da ƙarfen a ranar, ba a jira ba, da tana nan?"

"Ban sani ba."

"Da robar fa, in da ta zo da wuri?"

"Ban sani ba, Baba. Likita bai sani ba. Baffa ma har ya koma ga Allah bai sani ba."

"Duk karatun naku?"

"Duk karatun namu."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu, gawayi ya bar masa zane a kumatu. Ya ce, "Ki shaida, na yafe masa. Duniya da lahira." Na ce na shaida. Na yunƙura zan tashi, zuciyata ta fara sauka, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Me ma na yafe? Shekara shida ina wuce shi a zaure kamar turmi. Mu an tambaye mu, mun ji, wanda zai amsa ya amsa. Shi fa? Wa zai tambayar min shi?"

Ya jira ni kaɗan. Sannan ya sa hularsa, ya bar wutar tana ci, ya kama hanyar maƙabarta da ƙafa, bai ko wanke hannu ba.

Ya Allah, ga Baffa nan a hannunka. Ka haskaka masa kabarinsa, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa Inna. In kuma ana isar wa mamata saƙo, ka isar masa da na ƙanensa.